Kwat ɗin Injiniya Kessling

Jirgin ruwan da ya dawo garin Ostend daga Ingila ya zo da kwat da hular Injiniya Ottmar Kessling, amma babu mai su. A ninke aka tsince su a gefen jirgin. Kessling ne ya ƙera injin da ke aiki da man gyaɗa maimakon kwal. Jaridu suka ce da kansa ya faɗa teku.

Sufeton 'yan sanda Dhondt ya fara bincike da kyaftin ɗin jirgin.

"Ka gan shi da idonka?"

"Ban san shi ba, amma an nuna mini shi a wajen cin abinci. Hula har gira. Ya yayyanka namansa, ya ci, ya tashi. Kada ka ɗora mini gawa, Sufeto."

Da Dhondt ya je wurin Hedwig, matar Kessling, ko kujera ba ta ba shi ba.

"Maƙwabta sun ce kullum cikin faɗa kuke, Madam."

"Munafukai! Tun da injinsa na farko ya fashe ya cinye masa yatsun dama, ni nake yanka masa nama kamar yaro. Da kisa nake so, da tuni an wuce wurin."

Dhondt ya zarce masana'anta wajen Viktor Maes, abokin aikin Kessling, wanda ya ce tare suka yi tafiyar.

"A ina ka ci abinci a jirgin?"

"A ɗakina. Teku ta juya mini ciki. Kai ba ka da aikin yi ne?"

"Ina da shi. Babu wanda ya gan ku tare. Mutumin da ya ci abinci da hular Kessling ya riƙe wuƙa da cokali, shi kuwa Kessling ba ya iya yanka nama. Bai taɓa shiga jirgin nan ba. Kai ka sa kayansa aka gan ka, sannan ka ninke su. Ina yake?"

Maes ya yi jifa da gudumar da ke hannunsa.

"Kyauta zai raba wa manoma zanen injin! Rabin wahalar tawa ce, amma sunansa kaɗai ne a jikin ƙarfen!"

A ramin ruwan sanyaya inji na masana'antar aka ciro gawar Kessling. Hedwig ta zo, ta duba, ta ce, "Shi ne." Sannan ta juya ta wanke Maes da mari. Dhondt bai hana ta ba.