Romon Gwaggo

"Tsaya nan su gan ki da kyau! Juya musu baya!"

Auta ta juya, gwiwoyinta na ƙara, gumi na gangara mata cikin ido. Mata ne cike da ƙaramin shagon Gwaggo, ko'ina kwalabe jere masu hoton siririyar mace, ita kuwa an tsayar da ita a tsakiya kamar dabbar da aka kawo kasuwa. Gwaggo ta ce, "Kun gani ko? Haka duk wadda ta raina maganina take ƙarewa, buhu guda!" Aka fashe da dariya... Wayyo Allah! Yarinyar da ciwon suga ya ɗauke wa uwa, uba ya bi bayanta, ita ce ƙanwar mahaifinta take yi wa wannan wulaƙanci don kawai ta sayar da ruwan saiwoyin da take dafawa a bayan gida! Ga shi yanzu sugan ya kama ita ma Auta, numfashinta yana ɗaukewa cikin barci, kuma likita ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa idan ba a yi mata aikin rage tumbi ba, hanyar da mahaifiyarta ta bi ita ce a gabanta.

Bayan dogon jira layin aikin ya zo kanta, amma da sharuɗɗa. Makonnin da suka rage ba za ta ci komai mai tauri ba, sai romo da madara marar maiƙo, don hantarta ta sace ta ba wa likita hanyar isa ga tumbin. Ba za ta sha kowane irin magani ba sai wanda asibiti ya ba ta. Sannan dole ta kawo wanda zai yi jinyarta. Wanda ya karya sharaɗi kuwa, wani ake ba wa gurbinsa.

"Jinya? Ni?" Gwaggo ta daki ƙirji. "Ina sayar da maganin ƙiba a ce 'yar gidana sai da aka farke ta? So kike ki kashe mini kasuwa, 'yar baƙin ciki! Ki rufe bakin nan naki mana, ai ba da bakin wani kika kumbura ba!"

Auta ta kira yayanta a waya tana kuka, shi kaɗai ya rage mata a duniya. Ashe Gwaggo ta riga ta. "Ke Auta, an ce har tukunya kike kwashewa a ɓoye," in ji shi. "In kin iya riƙe cikinki sai ki neme ni." Ya kashe wayar. Ta daɗe tana kallon wayar a hannunta, zuciyarta na tafasa, tana cewa, "Ya Allah Kai ne shaidata, Ka isar mini!"

Wuri ɗaya take samun sanyi, wani ɗaki a asibitin inda masu jiran aikin suke haɗuwa da waɗanda aka riga aka yi wa. A nan ta haɗu da Maman Biyu, wata mai kitso da aka yi wa aikin bara, mace mai baki kamar rediyo. "Ƙanwata, share hawayenki," ta ce. "Ni da kika gan ni, da sai an haɗa mini kujera biyu a gidan biki, yanzu iska in ta taso sai na riƙe ƙarfe! Ranar farko ta romo har filo na so in tauna. Ki kira ni duk sanda yunwa ta ce za ta kashe ki, mu zage ta tare." Ranar ce Auta ta fara dariya tun rasuwar mahaifiyarta.

Kwatsam sai Gwaggo ta sauya. Ita da ko ruwa ba ta taɓa miƙo mata ba, sai ga ta da kwanon romo da zafinsa, har da hura mata! "Sha, 'yar yayana, ai jini ba wasa ba ne. Ni zan yi jinyarki." Auta ta sha tana hawaye, tana sa mata albarka, ko ɗan ɗacin da take ji a ƙasan harshe ba ta kula ba. Baiwar Allah! Ba a jima ba ciki ya fara murɗa mata, jiri na kayar da ita a banɗaki, farin idonta ya koma rawaya, jiki na zubewa da saurin da ya ba ta tsoro. Gwaggo kuwa sai ɗaukar ta hoto take yi tana murmushi.

Ranar gwaji na ƙarshe likita ya ɗago daga sakamakon jininta fuska a murtuke. "Hantarki ta kumbura maimakon ta sace. Me kike sha a ɓoye?"

"Wallahi likita ban sha komai ba! Ko ƙwayar ciwon kai ban haɗiya ba!"

"Hmm, likita, kai dai ka yi haƙuri," Gwaggo ta sa baki tana gyara jaka. "Yarinyar nan duk abin da ta gani sai ta kai baki, mu ma fama muke."

"Ba zan sa wuƙa a jikin wadda take ɓoye mini gaskiya ba," in ji likita. "Akwai masu jira. Hajiya, ba mu wuri." Gwaggo ta fita, Auta ta zube a ƙasa tana rantsuwa, muryarta har ta dishe.

To, a nan ne Allah Ya nuna ikonSa! Gwaggo na fitowa ta ga zauren jira cike da mata masu jiki, benci bayan benci, sai idonta ya rufe. Asibiti ya ɓace mata, kasuwa kawai take gani! Ta zuge jaka ta fito da kwalba da waya, tana nuna musu hotunan Auta. "Bayin Allah, me zai sa a farke ku? Ku ga 'yata da, ku gan ta yanzu! Wannan aikin maganina ne."

Wata siririyar mata a gefe ta matso, Maman Biyu ce, Gwaggo ba ta san ta ba. "Ikon Allah! Hajiya, ya aka yi ta yarda ta sha? Na ji an hana masu jiran aiki shan magani."

"Yarda?" Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya. "Ko sani ba ta yi ba! A romo nake zuba mata safe da yamma. Ai kyansa ke nan, ko mai taurin kai sai ya rame!"

"Sista!" Maman Biyu ta ƙwala wa nas kira tana damƙe da hannun Gwaggo da kwalbar. "Zo ki ji da kunnenki! Maimaita, Hajiya, ai talla kike yi!"

Ashe Auta ta fito, tana tsaye a ƙofar likita, ta ji komai. Ta tako har gaban Gwaggo, fushin shekaru ya taso mata. "Gwaggo! Ina sha ina sa miki albarka, ashe hantata kike dafawa? Kin tsayar da ni a shago an yi mini dariya na yi shiru, kin raba ni da yayana na yi shiru, yanzu raina kike son sayarwa a kwalba? Me na yi miki? Me marayu suka yi miki? Ban yafe ba, Gwaggo... wallahi ban yafe ba!"

"Taimakonki na yi, butulu!" Gwaggo ta ce tana fizge-fizge, amma matan zauren sun riga sun yi mata zobe, masu gadi suka fitar da ita ɗankwali a hannu. Aka auna abin da ke cikin kwalbar, hukuma ta garƙame shagon, matan da suka sha suka yi ta fitowa da nasu ciwon, har maganar ta kai gaban alƙali. Wadda take cika layi da kirarin maganinta ta koma ko gaisuwarta ba a amsawa.

Likita da kansa ya ba Auta haƙuri, ya ce gurbinta na nan har hantarta ta warke. Maman Biyu ta ɗauke ta zuwa gidanta, ta shimfiɗa mata katifa a ɗakin 'yan biyunta. Yayanta ya zo ya durƙusa yana kuka, ta daɗe ba ta ko dube shi ba kafin ta ce ya tashi.

Da safiyar aikin, an kwantar da ita a gadon turawa, nas ta leƙo zaure ta ce, "Ina mai jinyar wannan?"

Yayanta ya miƙe. Maman Biyu ta miƙe. Matan ɗakin haɗuwar nan duk suka miƙe, har da wadda take dogara sanda!

"Mutum ɗaya nake nema," in ji nas.

"To sai dai ki yi mana ƙuri'a, Sista," in ji Maman Biyu, "don babu mai komawa gida."

Auta ta rufe fuska da tafin hannu, hawaye na bi ta tsakanin yatsunta, tana ta maimaita Alhamdulillah... har ƙofar ɗakin tiyata ta rufe a bayanta.