Gidan Kumfa a Soron Malam Almu

Ranar kasuwar Ƙanƙara ce. Hafiza ta fito sayen zare, sai idonta ya faɗa kan wasu kwalabe jere a tebur, kowacce da ɗan kifi guda, wani ja wur, wani shuɗi, wutsiyoyinsu baje kamar gefen mayafi. Tsakanin kwalba da kwalba an soka kwali. Ita kuwa Allah ya yi ta da karambani, sai ta zare kwali ɗaya don ta gan su tare.

Nan take kifayen biyu suka buɗe kumatu, suka hau dukan gilashi.

"Subhanallah! Maida, maida!" in ji mai teburin, wani dogon saurayi. "Kifin beta ne, malama. Maza biyu ba su haɗa ido."

"Yi haƙuri, ban sani ba."

"Na yi, amma sai kin biya tara. Ki faɗa mani sunanki."

Jabiru ke nan, ɗan garin Mairuwa, wanda ya koyo kiwon kifin ado a Kaduna ya dawo da shi gida. Kafin damina ta faɗi, babur ɗinsa ya haddace duk wani rami da ke hanyar Ƙanƙara. Ya kawo mata 'yar tamatar kifi shuɗiya, ta raɗa mata suna Shuni. Kullum da hantsi tana ɗebo mata tsutsar sauro daga tsohuwar randa, tana yi mata hirar da ba ta iya yi wa kowa.

Sai Abdulganiyu ya shigo zancen. Ɗan wan mahaifinta ne, ya daɗe yana sonta bai samu fuska ba. Ya nuna wa mahaifin nata, Malam Almu, wani bidiyo a waya, wasu mutane can wata ƙasa sun haɗa irin kifin da Jabiru ke kiwo faɗa suna caca a kai.

Malam ya kira ta, fuska ba annuri.

"Addini ya hana a haɗa dabbobi faɗa. Wanda ke jin daɗin ganin jinin abin da bai iya kuka, mi zai yi ma ɗiyata ranar da ta ɓata mashi rai?"

"Baba, wallahi raba su yake."

"To shi kawo su sorona, in gani da idona."

Ta san abin da Malam bai sani ba: ko wajen haihuwa, namijin beta sai ya kori tamata, wani lokaci har ya yage ta. Ta tura wa Jabiru saƙo: "Mai Kifina, Baba ya ce ka kawo su. In Barkono ya ciji Shuni a gabanshi, tamu ta ƙare. Ina jin tsoro."

Amsa ta zo: "Sanyin idona, ni ma ina ji. Amma ba ni ɓoye mashi komai. Ki taya mu da addu'a, ni da wannan ja'irin."

Barkono shi ne jan namijin Jabiru, kuma sunan bai yi ƙarya ba.

Washegari Jabiru ya ajiye akwatin gilashi a soro, ya zuba ruwan sama, ya jefa busasshen ganyen ayaba. Ya saki Barkono a ciki. Shuni kuwa ya sa ta cikin gorar roba da ya yanke wa kai, ya tsayar da gorar a tsakiyar ruwan.

"Suna ganin juna, Baba, amma bai iya taɓa ta. In ya yi gidan kumfa na ajiye ƙwai, ita kuma layuka suka fito mata a jiki, sun yarda da juna. Sannan a sake ta su yi ƙwai."

Malam ya saɓa rigarsa ya shige cikin gida.

Kwana uku Hafiza ba ta ci abin kirki ba. Ta zuba gishiri sau biyu a miya, Inna ta bi ta da harara. Duk wucewar da za ta yi sai ta leƙa soro. Ran na biyu ta hangi Malam durƙushe, tabarau a karan hanci, yana kallon yadda Barkono ke furzar da kumfa ɗaya bayan ɗaya ƙarƙashin ganye. Da ya ji motsinta sai ya miƙe yana gyaran murya, wai carbinsa yake nema.

Ran na uku da safe aka taru. Abdulganiyu ya riga kowa zuwa. Hafiza ta laɓe bayan ƙyaure, ido a kafar katako.

Jabiru ya yi bismillah ya ɗage gorar.

Da farko kamar abin zai yi kyau. Barkono ya kewaya Shuni yana baje ado, ta bi shi har gindin kumfar. Sai kawai ya juyo ya kai mata cizo. Ta gudu, ya bi ta. Ya sake cafka, wani ɗan yanki na wutsiyarta ya taso saman ruwa.

"Ka gani ko, Baba!" in ji Abdulganiyu.

Hafiza ta toshe baki, hawaye suka zubo. Jabiru bai ko dubi mai maganar ba. Ya zaro rariyar shayi daga aljihu, ya tare Barkono da bayan hannunsa, ya kwaso Shuni a hankali ya mayar da ita gora. Ya tsaya kanta, zufa na ɗiga daga haɓarsa, har sai da ya ga ta daidaita.

"Ina ƙwan da ka ce?" Malam ya tambaya.

"Babu, Baba. Na yi gaggawa, ba ta shirya ba."

"Da ka bar su fa?"

"Wasu masu kiwo na barin su. Wataƙila zuwa azahar a ga ƙwai, wataƙila a ga gawarta." Ya dubi gorar. "Na san abin da nike rasawa yau. Amma amana ce aka ba ni, ba ni gwaji da ranta."

Ya sunkuya zai ɗauki akwatinsa.

"Wa ya ce ka ɗauka?" in ji Malam. "Bar shi nan, ai bai gama gininshi ba. Kwana nawa za ta yi ta warke?"

"Kamar goma, Baba."

"To ran na goma ka taho da magabatanka. Kai kau, Abdulganiyu, kira mani limamin unguwa in ka fita, ina da magana da shi."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Kafin nan Shuni ta warke, an sake haɗa su, har 'ya'yan kifi sun cika robobin soro, kuma Malam bai yarda kowa ya ba su abinci sai shi.

Da za a kai amarya Mairuwa, Malam ya riƙo hannun Hafiza, ya kira ango gefe. Daga aljihun babbar rigarsa ya fiddo rariyar shayin nan, wadda Jabiru ya manta a soro tun ranar.

"Wannan ta zama tawa. Ita kau ga ta, na ba ka. Ka riƙe mani ita kamar yadda na ga ka riƙe waccan. Allah ya yi maku albarka, ya zaunar da ku lafiya."

Jabiru ya durƙusa ya kasa cewa amin. Daga ƙarƙashin mayafi Hafiza ta faɗa a madadinsu su biyu, tana kuka tana murmushi.