Banane Cikin Waƙar Biki

A wani gari kusa da Madawa, inda asibitin mishan yake, akwai wata yarinya mai ƙaiƙayin hannu. In ta ga murfi sai ta buɗe. In ta ga maɓalli sai ta danna. Ko rediyon gidansu ya sha wuya a hannunta.

Babanta, Malam Sama'ila, shi ne mai aiki da ordinatar, wato kwamfuta, ta asibitin. Na'ura ce guda ɗaya tak a duk garin. Da ita ake buga takardun magani, da ita kuma ake buga waƙoƙin majami'a. Mabuɗin ɗakin yana rataye a wuyansa, kuma yana ji da shi ƙwarai.

Kullum in an tashi daga lakwal, wato makaranta, yarinyar ke kai masa abincin rana. Kullum kuma sai ya ja mata kunne.

"Ɗiyata, ba a sa wasa cikin na'urag ga. Kin jiya?"

"Na jiya, Baba."

Wata rana a bakin famfo ta haɗu da wani saurayi mai suna Manzo. Mutumin Tamaske ne, ya dawo daga Abijan, ya kawo kawunsa asibiti. Ta taya shi cika buta. Ya ji daɗi, sai ya zaro disket daga aljihu. Wani ɗan faifai ne baƙi mai kusurwa huɗu, wanda ake zura wa ordinatar.

"Amshi, ƙanwata. Kasuwa nis same shi. An ce tatsuniyoyi na ciki."

"Wasa ne? Baba ya hana wasa."

"Wane wasa? Rubutu ne kawai."

Yarinya ta yi murmushi. Ai rubutu ba ya cizo. Baba wasa ya hana, bai hana karatu ba. Haka ta yanke wa kanta hukunci, ita ce alƙali, ita ce mai ƙara.

Da ta kai abinci, Baba ya fita wanke hannu. Wuf, ta zura disket. Ta danna inda ta saba ganin yana dannawa. Na'ura ta yi ƙugi kaɗan, sai ga shafi ya buɗe. Babu tatsuniya ko ɗaya. Hoton biri ne kawai yana dariya.

"Mtsw! Wanga shi ne tatsuniyar?"

Ta zare disket, ta ɓoye a jakarta. Baba ya dawo ya ci tuwonsa. Babu abin da ya fashe, babu abin da ya yi hayaƙi. Ta koma gida hankali kwance.

A makon nan ake bikin Anti Dinatu da Obadiya. Washegari Malam Sama'ila ya buga takardun waƙar biki cikin gaggawa, ya aika majami'a bai duba ba. Da la'asar ƴan kwaya, wato mawaƙan majami'a, suka taru don gwaji. Yarinyar ma tana cikinsu, a layin gaba.

Shugabarsu ita ce Mama Hulda. Mace ce mai murya kamar ganga, kuma ba ta son gardama.

"Abin da ke ga takarda, shi za ku rera," in ji ta. "Ban son ƙari, ban son ragi. Mu tahi!"

Suka ɗauka da ƙarfi:

"Ga amarya banane ta iso,
Ango banane yana murna!"

Mai kiɗin tulu ta tsaya da hannu a sama. Wata yarinya ta toshe baki. Wata ta kasa, ta fashe da dariya. Nan take majami'a ta rikice, har da masu riƙe ciki.

"Wa yac ce ma Obadiya banane?" Mama Hulda ta daka tsawa. Ta gyara tabarau ta duba. Ga shi nan kuwa a rubuce. Banane, wato ayaba da Faransanci, ta shiga kowane baiti ta yi zamanta.

Yarinya ta fi kowa dariya. Ko kaɗan ba ta kawo biri a ranta ba.

Mama Hulda ta kwashi takardu ta nufi asibiti, ƴan kwaya na biye da ita. Can suka tarar da wata rigimar. Wani tsoho daga Babankatami yana tsaye da takardar magani.

"Jikana ya karanta min, an ce ƙwaya biyu banane da sahe," in ji shi. "Na gewaye kasuwa dut, babu ayaba. In sha maganin haka nan, ko in jira?"

Mutane suka sake kwashewa da dariya. Amma Malam Toma, shugaban ofis, bai yi dariya ba. Ya duba sauran takardun da aka buga ranar. A wata takardar, kalmomi ma sun sauya wuri. Maganin safe ya koma na dare.

"Wanga ba abin dariya ba ne," in ji shi. "Da an sha magani bisa takardag ga, da an cutu. A tattaro su dut. Sama'ila, kai kaɗai ka shiga ɗakin ga. Ba ni mabuɗi sai mun bincika."

Malam Sama'ila ya ciro igiyar daga wuyansa a hankali. Ya miƙa mabuɗin, kansa a sunkuye. Yarinya ba ta taɓa ganin babanta haka ba. Dariya ta gudu, tsoro da kunya suka rufe ta.

"Malam, ba Baba ba ne!" ta ce da kuka. "Ni ce nis saka disket. Amma ba wasa ba ne, rubutu ne kawai!"

Ta ciro disket daga jakarta ta miƙa masa, ta ba shi labarin birin da ta gani. Malam Toma ya juya shi gaba da baya, sannan ya tsuguna a gabanta.

"Kuna da kaza gida?"

"Muna da."

"In kunka sa mata ƙwan zabo, mi taka yi?"

"Kwanci takai, ta ƙyanƙyashe."

"Tana tambaya wa yak kawo shi?"

"A'a."

"To, haka na'urag ga take. Abin da anka ba ta, buɗewa takai ta bi abin da ke ciki. Wani mugun mai wayo ya ɓoye umarni cikin shahin birin ga. Ke kin ga hoto, ita ta ga umarni, ta kuwa bi. Wataƙila shi kansa wanda yab ba ki bai san da shi ba."

Yarinya ta share hanci. "Ta lalace ke nan?"

"Allah ya taimake ki, ina da kwahin komi cikin kabad. Zan wanke ta tas, in maida."

Haka aka yi. Aka sake buga takardun magani, aka sallami tsoho ba tare da ayaba ba. Takardun waƙa kuwa, Mama Hulda ta ce ba a ɓarnar takarda. Ta ba yarinya bik, wato biro, ta zaunar da ita a kan benci. Sai da ta soke banane ɗaya bayan ɗaya, har yatsunta suka yi tsami.

Ranar biki waƙa ta fita tsaf, amarya ta yi ta murmushi. Bayan an tashi, Malam Toma ya kira Malam Sama'ila a gaban mutane, ya mayar masa da mabuɗi. Yarinya ta ruga ta rungume babanta.

"Baba, ka yahe min."

"Na yahe, ɗiyata. Mi kika koya?"

"Abin da ban san inda yah hito ba, ba ni ba na'ura ta buɗe. Ko rubutu ne, ko hoto ne, sai an bincika tukuna."

Baba ya rataya mabuɗinsa a wuya, ya kama hannunta suka tafi cin shinkafar biki.