Gefen Zanin da Babu Mai Kamawa

Da magariba ne, ana alwala a masallacin Sabo, Saudat ta sunkuya za ta mayar da mahaifiyarta Ashatu kan gado, sai ta ji kamar buhun masara biyu ta runguma. Tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ta mayar kamar kara! A daidai lokacin tsakuwa ta fara zuba a kan kwanon rufin ɗakin.

Abin haushin, a asibitin da Saudat take aikin jinya ita ce mai koya wa sababbi doka: mutum ɗaya ba ya ɗaga majinyaci. Biyu ne, kowa ya kama gefen zanin gado, a lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe. A gida kuwa ita kaɗai ce. Ga yayanta Babandi, ƙato guda, amma ɗan fari ne. Ashatu ko sunansa ba ta faɗa, balle ta bari ya taɓa ta.

Kwana tara nauyin yana ƙaruwa, bayan Saudat yana sara har ƙafa. Ta sani sarai, ranar da ya ƙi miƙewa, ba aiki, ba mai juya tsohuwa.

Aka kira Malam Sammani. Ya daɗe yana karatu kafin bakin Ashatu ya buɗe da muryar namiji, mai kauri.

"Me ta yi maka?" in ji malam.

"Ba komai. A kusurwar nan nake zaune. Kullum ina jin ƙashin yarinyar nan yana ƙara, ya hana ni sakewa. Na ce bari in ƙara nauyi, ko wani zai shigo ya kama mata."

"To, fita."

"Ɗan fari ya kama gefen zanin tukuna."

Babandi ya shigo kansa a sunkuye, ya kama. Suka ɗaga tare, sakayau kamar auduga. Ashatu ta yi atishawa, tsakuwa ta tsaya. Saudat ta yi kukan daɗi.

Da safe tsohuwa ta ji abin da aka yi. Ta juya fuskarta bango.

"Gara aljanin. Kada yaron nan ya ƙara shigo mini."

Saudat ta daɗe tana duban kusurwar ɗakin. Babu kowa. Ta dafe ƙugu, ta sunkuya.