Jakar da Auta Ta Zaɓa

"Wannan ba za ta yi masa ba!"

Maganar ta kuɓuce wa Auta kafin ta kama bakinta.

A shagon kayan hoto na Yayanta suke. Dogo mai hoto, saurayinta wanda wata uku cur bai kira ta ba, yana tsaye gaban kanta da kamararsa a wuya. Kusa da shi Gimbiya ce, 'yar goggonsa, riƙe da wata jakar fata mai ƙyalli.

Gimbiya ta taɓe baki.

"Mu muka zo saye, ko ke? Gobe zai tashi, wata shida zai yi yana ɗaukar hoton namun daji. Dole ya tafi da abin da za a gani a yaba."

Gobe...

Auta ba ta yarda ta dube shi ba. Ta karɓi jakar ta buɗe.

"Duba cikinta. Ba soso ko kaɗan. Karo ɗaya za ta yi da ƙofar mota, gilashin kamara ya tsage. Kuma kin ga maratayin nan? Siriri kamar zare. Mutumin da ya taɓa karaya a kafaɗar hagu, awa ɗaya ba zai yi da ita ba."

Sai a lokacin Dogo ya ɗago.

Auta ta hau kujera ta sauko da wata jaka ruwan toka, ba ado ko ɗaya. Ta jera masa bayani. Ruwa ba ya ratsa ta. Cikinta gida huɗu ne, kowane da soso, ana matsar da su yadda ake so. Murfin kuma waje yake buɗewa, ba ya tokare jiki, mutum zai zaro kamara da hannu ɗaya.

"Sa kayanka mu gani," ta ce, idonta a kan jakar.

Ya sa kamarar. Ya sa dogon gilashin da gajeren, ya tura batura a aljihun gefe. Komai ya zauna daram.

Ya rataya ta, sannan ya ce a hankali:

"Angon naki ya san har yanzu kina tuna kafaɗar wani?"

"Wane ango?"

"Kar ki raina min hankali, Auta! Har katin aka ce an buga."

"Wa ya ce?"

Dogo ya juya ya dubi Gimbiya.

Ita kuwa ta hau gyara gyale. "Ni fa ji na yi ana faɗa..."

Auta ta juyo ta fuskanci Gimbiya.

"Ke ce kika zo har nan kika ce Mamansa ta rantse ba za ta karɓi mai tsaron shago ba! Kika ce ya ce kar in sake neman sa, in ina son zaman lafiyarsa da ita!"

"Mama?" Muryar Dogo ta tashi. "Mama da ta yi sati ba ta yi min magana ba saboda ta ɗauka ni na guje ki?"

"Yaya Dogo, wallahi don kai na yi..."

"Fita."

"Ka tsaya ka ji..."

"Na ce ki fita!"

Ta fice tana kuka, har tana ture kwalayen bakin ƙofa.

Hawaye suka ɓalle wa Auta.

"Wata uku, Dogo... Ko sau ɗaya ba ka zo ka tambaye ni ba."

"Na kasa, masoyiya. Tsoro nake ki ce min gaskiya ne. Aikin nan ma don in yi nisa da ke na karɓa."

Labulen ɗakin ajiya ya motsa. Yaya Babba ya fito, fuska ba annuri. Shi ne tun farko ya ce ba zai ba da ƙanwarsa ga mutumin da kullum ƙafarsa ke kan hanya ba.

"Na ji komai," ya ce. "Kuma ga shi ka tabbatar min. Ƙaramin tsegumi ya sa ka haɗa kaya."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Na yi kuskure, Yaya. In ka ce in fasa tafiyar, yanzu zan kira su."

"A'a!" Auta ta share ido. "Shekara nawa kana mafarkin aikin nan? Ka tafi. Ni zan jira. Yaya, don Allah..."

Yaya Babba ya dube ta. Shi ya raine ta tun rasuwar Babansu, bai taɓa jin ta roƙe shi abu da irin wannan murya ba.

Ya ja dogon numfashi.

"Ka turo manyanka yau kafin la'asar. Ba na ɗora ƙanwata a kan jiran da ba shi da rana."

Kafin la'asar suka zo, har da Maman Dogo, wadda ta rungume Auta a tsakar gida ta ƙi sakinta.

Bayan wata shida da kwana tara ya dawo, ya yi baƙi ya rame. Sati biyu bayan nan aka ɗaura aure. Ranar kuwa sai da abokai suka ƙwace kamarar daga hannunsa da ƙarfi, don ango ya nace shi zai ɗauki hoton amaryarsa da kansa.