Fayil ɗin da Nafi'u bai karanta ba

Ku matso, ku rage murya. Kun dai san Nafi'u na gidan Baba Ilu, mai hura hanci don ya iya kwamfuta. To, ba ciwo ne ya kama masa baki ba.

A wani kamfanin manhaja yake aiki, gaban baƙin allon kwamfutar nan da ake rubuta wa umarni. Ka soma kalma, ka danna maɓallin Tab, na'ura ta ƙarasa maka. Manhajarsu babban umarni ɗaya gare ta, da ƙanana birjik a ƙarƙashinsa. Oga ya ce kada a jibge kalmomin ƙarashen duka lokaci guda, abin yana nauyi. Kowane ƙaramin umarni ya ɗauko nasa ne kawai in an kira shi. Ya ɗora wa Nafi'u gyaran: in Litinin ta yi bai gama ba, ya nemi wani aikin.

Nafi'u kuwa cika baki kawai ya iya. Juma'a ta zo bai tsinana komai ba.

Kowa ya tafi masallaci, shi ya zauna. Rana tsaka. Fanka ta tsaya cak, alhali da wuta. Sai ga wani dattijo a kujerar gefensa, ƙofa kuma a kulle.

"Ya ƙi?" in ji dattijon. Leɓensa bai motsa ba. Daga ƙarƙashin tebur muryar ta fito.

Nafi'u ya leƙa. Kofato biyu, irin na jaki. Da mai hankali ne, da ya yi a'uziyya ya arce. Gogan naku ya fi tsoron oga.

"Baba, ka san kan abin?"

"Ga fayil a allonka. Kunna."

"Daga ina zai riƙa ɗauko kalmomin?"

"Daga inda suke ajiye."

Ko ɗan koyo ya san ba a kunna fayil ɗin baƙo sai an bi shi layi-layi. Nafi'u ko buɗewa bai yi ba. Ya kunna, ya danna Tab, kalma ta cika tsaf. Ya waiwaya, kujera ba kowa.

Ranar Litinin oga ya yaba, aiki ya zauna. Sakaran har da yi wa abokan aiki gori. Aka raba manhajar ga masu saye.

Daga nan kalmomi suka fara ɓace masa. Yau ya nemi "buɗe" ya rasa, gobe "aika". Duk wanda ya danna Tab a ko'ina, daga cikin kan Nafi'u ake zaro masa kalmar, kuma ba a mayarwa. Ya so ya gaya wa oga a goge abin, "goge" ta riga ta tafi.

Yana can har yanzu, ba su kore shi ba. Rannan ya durƙusa zai gaida mahaifiyarsa, ya ce, "Inna, ina..." Ta jira, ta jira, hawaye ya zubo mata.

Ku da kuke latse-latse, kada in ji wani ya zauna shi kaɗai a ofis da tsakar rana. Abin da baƙo ya miƙo kuma, a karanta tukuna.