Rigar Sanyi Cikin Lakar Teku

Oddny ta tsaga bututun lakar da aka zaro daga ƙarƙashin teku, sai ta ga wani abu a ciki.

Tsumman ulu ne, shuɗi, da saƙar ƙugiya uku.

Wata shida ita da abokan aikinta suna kan jirgi suna auna ko lakar nan za ta riƙe sharar nukiliya. An ce shekara dubu goma ba ta motsa ba. To me ya kai riga kamu takwas cikinta?

"Wurgar da shi," in ji Torstein, shugaban aikin, wanda ya daɗe yana sonta. "Tsumma ɗaya zai rusa mana aiki? Ko masuncin naki ne ya ruɗa ki?"

Ta san saƙar, irinta ce a ƙirjin rigar Eilif, masuncin da take so. A tsibirinsu kowane gida da saƙarsa, don a gane gawar masunci. Mahaifin Eilif kuwa, Aslak, shekara ashirin ke nan teku ba ta dawo da shi ba.

Shi ya sa Borghild, mahaifiyar Eilif, ta rantse ɗanta ba zai auri mai shirin zuba wa mijinta guba a ka ba.

"Lakar tana motsi, Torstein. Ba zan sa hannu a rahoton ba."

"To kin bar aiki!"

"Na bari."

Eilif ya tare ta a bakin gaɓa, yana ƙarnin kifi kamar kullum.

"Zuciyata... me ya same ki?"

"Kai ni wurin mamanka."

Kwana uku tsumman yana aljihunta, amma wallahi bai bushe ba. Da ta ajiye shi a teburin Borghild, ruwan gishiri ya dinga ɗiga.

Tsohuwar ta shafa shi da yatsa.

"Ga inda na kuskure zare... Aslak, ashe ka dawo."

Eilif ya fashe da kuka.

"Na gaya musu wurin ba shi da aminci," in ji Oddny. "Sun kore ni."

Borghild ta ɗauko zare ta fara auna kafaɗunta.

"Tsaya daidai, 'yata."

"Mama! Kin yarda?" Eilif ya tambaya.

"'Yan gida kaɗai nake saƙa wa," ta ce. "Idan teku ta ɗauke ta, ina so mu gane ta."